MU ƘARA JIRA

SHAFI NA 27

Masu turo min saƙo cewa Auta ta cika sanyi, ta zuba wa mijinta ido yana ja musu rai a gidan haya, to yau dai ta fita da ƙafarta. Ku karanta a nutse.

*

Tun daga bakin titi Auta ta fara cin karo da rubutun. NA SAYARWA NE. A jikin katanga, a jikin ƙofa, wani ma a jikin tankin ruwa aka shafa shi da jan fenti. Tun da aka rufe masaƙa unguwar ta koma haka. Kowa ya ɗaure kayansa zai tafi neman abinci wani wuri, masu sayarwa sun fi masu saye yawa.

Dillalin da ke gabanta, wanda kowa ke kira Ba-Asara, yana tafe yana kaɗa tarin makullai, bakinsa bai huta ba.

"Sista, kin ga wancan mai koriyar ƙofa? Bara in kika taya shi, mai shi zagin ki zai yi. Yau har gida zai biyo ki yana ba ki haƙuri."

Auta ta bi bayansa. Fararen kayan aikinta ne a jikinta, daga asibiti ta wuto, ko gida ba ta leƙa ba.

Jiya ne Ba-Asara ya kawo matarsa awo, ya gane Auta ce matar Akawu, mai riƙe lissafin shagon kayan gini. Nan ya tare ta a baranda yana roƙo, wai ta sa baki maigidanta ya yanke magana a kan gidan nan, mai gidan ya gaji da jira.

Wane gida? Ita ba ta san akwai wani gida ba. Abin da ta sani, shekaru suna tara albashinta da nasa a asusun Akawu, kuɗin sun daɗe da cika, mai gidan hayarsu kuma ya ce su tashi. Duk ranar da ta ɗaga maganar amsa ɗaya take samu.

"Mu ƙara jira, Auta. Farashi bai gama sauka ba."

Ba-Asara ya tsaya a wata baƙar ƙofa a ƙarshen layi. Ya zaɓo makulli, sai ya ga ƙofar a buɗe take.

"Af, ashe mai gidan ma yana ciki. Shigo, Sista, ki gane wa idonki."

Gida ne madaidaici, ba wani ƙawa. Amma wanda ya gina shi da hannun sani ya gina. Tagogi manya, iska na ratsawa, kicin ɗin yana kallon tsakar gida yadda uwa za ta yi girki tana ganin 'ya'yanta. Auta ta shafa bango, ta ji zuciyarta ta kwanta da wurin tun ba ta gama zagayawa ba.

A ɗakin ƙarshe ta tsaya.

Ɗakin ba shi da dandamali, ƙofarsa a shafe take da ƙasa. An kafa wani dogon ƙarfe a jikin bango, daga inda gado zai zauna har cikin banɗaki.

"Wannan ɗakin tsohuwa aka yi wa," ta ce a hankali.

"Kin ga aikin asibiti! Wallahi haka ne. Mahaifiyar mai gidan ce mai ciwon gwiwa."

Ta tuna Innarsu ma da ƙyar take ɗaga ƙafa. Ta kawar da tunanin. Tsofaffi masu ciwon gwiwa ai sun cika duniya.

Daga bayan gidan wata murya ta taso.

"Ba-Asara, wa ka kawo min yau?"

Ko cikin barci aka tashe ta ta san wannan muryar. Ita ce muryar da ta riƙa tashinta makaranta bayan rasuwar babansu, ita ce ta ce mata "ki yi karatunki, kuɗin makaranta ba matsalarki ba ce."

Ta dafa ƙarfen bangon ta fito.

Yana tsugune gaban wata 'yar bishiyar lemo, bokiti a gefensa, yana zuba mata ruwa da moɗa. Ya rame. Rigar da ta san ta cika masa jiki yanzu rataye take a kafaɗa. Ya miƙe, ya karkata kansa gefe guda kamar mai leƙe ta ramin ƙofa, ya dube ta ido cikin ido.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ku duba ko'ina, ba abin da aka ɓoye. Rufin sabo ne, ruwa ba ya yankewa."

Bai gane ta ba.

Taku kaɗan ne tsakaninsu, rana tsaka, bai gane ta ba.

"Yaya."

Moɗar ta suɓuce daga hannunsa.

"Auta?"

Ba-Asara ya dubi wannan, ya dubi wancan, makullan hannunsa suka yi shiru.

"Sista... kun san juna ne?"

"Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Innalillahi. To ni bari in duba mashin ɗina, na bar shi a rana."

Ba mashin ya zo da shi ba, da ƙafa suka shigo. Ya dai koma bakin ƙofar baya ya tsaya.

Auta ta matso. Shekaru ta san Yaya yana gini, amma ya hana kowa zuwa. Kullum cewa yake sai ranar tarewa, ranar da zai ɗauko Inna ya ce mata ga ɗakinki.

"Wannan ne gidan?"

"Shi ne."

"Shi ne ka sa a kasuwa?"

Ya yi murmushi, irin wanda yake yi in ta kama shi yana ɓoye mata wani abu tun tana yarinya.

"Gini ne, Auta. Bulo ne da siminti. Wani ya tafi, wani ya zo."

"Ka ce min kana cikin waɗanda masaƙa ta bari suna kula da injina."

"Na faɗa."

"Ƙarya ce?"

"Rana ɗaya aka sallame mu duka."

Sai yanzu ta gane dalilin da duk ranar da ta je gaida Inna ake ce mata ya fita, in kuma ta same shi, baƙin gilashi ne a fuskarsa, wai hasken rana ke damunsa.

Ta ɗaga hannu ta rufe masa idon dama.

"Me kake gani?"

"Ke dai ba kya barin aiki a asibiti."

"Yaya, me kake gani?"

Ya ƙyafta idon hagun.

"Duhu."

Ta mayar da hannun kan na hagu.

"Yanzu fa?"

"Ina ganin farin kayanki. Fuskarki ce dai sai na yi ƙoƙari."

Ta sauke hannunta.

"Sugan ne?"

"Shi ne. Likita ya ce ya taɓa jijiyar ido. Akwai allurai, akwai aiki, amma sai babban asibiti, kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Lokacin da na sa gidan a kasuwa ina gani dishi-dishi da na hagun. Yanzu ya tafi, an ce ba ya dawowa. Na daman ake so a ceto."

"Kuma ina asibiti kullum, ka kasa faɗa min?"

"In faɗa miki ki yi me? Ki kwashe abin da kuka tara na gida ki zuba a idona, ku ƙare a haya ke da 'ya'yanki? Ban yi wahalar karatunki don ki dawo kina ɗaukar nauyina ba."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. Ta goge da bayan hannu, don akwai tambayar da take tsoro, kuma dole ta yi ta.

"Abban yara ya san gidanka ne?"

"Ya sani. Kar ki ga laifinsa, ni na roƙe shi ya rufe bakinsa. Ranar da Ba-Asara ya kawo shi dubawa muka yi kiciɓis kamar yadda muka yi da ke yau. Na ce masa alhamdulillahi, gara kai da bare. In kuka saya, gidan bai bar gida ba, Inna ma ta samu ɗakinta."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce ya amince. In ba shi lokaci ne kawai, yana haɗa kuɗin, ba su cika ba. Ai na san yadda abubuwa suke. Yaron kirki ne mijinki."

Ba su cika ba.

Da idonta ta ga kuɗin sun cika, tun kafin a rufe masaƙa. Har ɗan walima suka yi da yara a falo ranar.

Daga bakin ƙofa Ba-Asara ya kasa haƙuri.

"Sista, tunda abin na gida ne bari in faɗa, ko a ce na cika surutu. Wani ɗan kasuwa ya zo nan da kuɗinsa a hannu, kusan farashin farko ya taya. Na yi rawa na yi juyi, bawan Allahn nan ya ce a'a, ya riga ya yi wa Akawu alkawari. Yanzu wanda zai ba da rabin wannan ma nemansa nake da fitila. Shi kuma Akawu duk wata sai ya ce min, ya kasuwa, ta ƙara sauka?"

"Ba-Asara, ya isa," in ji Yaya.

"Na yi shiru."

Yaya ya laluba ya kamo hannun Auta.

"Kar ki je ki tayar masa da hankali. Ya ce min an kusa. Kin ji ko?"

Ta sunkuya ta ɗauko moɗar ta sa masa a hannu, ta fita.

*

Shagon kayan ginin shiru kamar an yi rasuwa. Buhunan siminti jibge har rufi, wasu sun fara daskarewa. Rodi ya yi tsatsa a bakin ƙofa. 'Yan dako suna zaune a kan baro suna hira, ba mai kiran su.

Akawu yana can ƙurya, a ɗan ɗakinsa na katako, fanka na juyawa a kansa. Ganin ta ya miƙe da fara'a.

"A'a, yau Sista ce da kanta a shagonmu? Ko allura aka biyo ni da ita?"

Ta ja ƙofar ta rufe.

"Daga gidan Yaya nake."

"Ya jikin Inna?"

"Ba can ba. Gidan da ya gina. Mai baƙar ƙofa."

Fara'ar ta zube daga fuskarsa. Ya koma ya zauna a hankali, ya cire gilashinsa ya ajiye.

"Wa ya kai ki?"

"Wannan ce tambayarka?"

"Auta, zauna mu yi magana."

"A tsaye zan ji. Ka ce masa kuɗinmu ba su cika ba?"

"Na faɗa."

"Sun cika ko ba su cika ba?"

"Ki saurare ni..."

"Sun cika ko ba su cika ba, Abban yara?"

"Sun cika."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauka in ya amsa za ta yi ihu, sai ta ji muryarta ta ƙara yin ƙasa.

"Kullum ka dawo gida kana min albishir. Auta, gidaje sun ƙara sauka. Auta, kin ga amfanin haƙuri. Ni kuma ina taya ka murna, ina cewa Allah ya ƙara saukar da su. Ashe a kan Yayana nake roƙo."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ya nuna mata shagon ta jikin gilashin taga.

"Dubi nan. Dubi simintin nan. Yau tun safe ko ƙusa ba mu sayar ba. Ni nake zaune a nan, ni nake ganin abin da ke faruwa kafin kowa ya gani. Mai shagon nan da kansa ya sayi gida ana gobe za a rufe masaƙa, yau in ya tuna hawan jininsa tashi yake. Kina so mu zama haka?"

"Ina jin ka."

"Farashin da Yaya ya sa na bara ne. Unguwar ta mutu, Auta. Makarantar yara ta rufe, masu shaguna sun tashi, layi guda gida biyu ke kunna fitila. In na zuba gumin shekarunmu a can, gobe ya zama ba ya sayuwa, wa zai tausaya mana? Mu ma 'ya'ya gare mu."

"Sai ka ce masa ba ka so. Kalma ɗaya ce. Da ya sayar wa ɗan kasuwan da ya zo."

"Ta yaya zan dubi idon Yaya in ce ba na so? Mutumin da ya ba ni ke?"

"Idon nasa ai ya rage ɗaya, yanzu sai ka dube shi da sauƙi."

Akawu ya ɗago da sauri.

"Me kike nufi?"

"Na hagun ya mutu. Yana zaune yana jiran ka ya mutu. Yau na tsaya a gabansa ya kira ni Hajiya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya dafe kai da hannu biyu. "Wallahi ban san abin ya kai haka ba. Ya ce min akwai lalurar asibiti, zai yi wani aiki. Na ɗauka irin wanda ake iya ɗagawa ne."

"Ka tambaye shi aikin mene ne?"

Ya ɗauki gilashinsa yana juya shi.

"Ka tambaye shi?"

"Ban tambaya ba."

"Kai da ko kwanon rufi ba ka karɓa sai ka juya bayansa. Ba ka tambaya ba don ka san in ka ji, ba za ka iya ci gaba da jira ba."

Fanka ta ci gaba da juyawa, takardun kan tebur suna ɗagawa suna komawa. A waje wani ɗan dako ya kwashe da dariya kan wata hira tasu.

Auta ta ja kujera ta zauna.

"Ban zo faɗa ba. Abin da ya wuce, Allah ya gani. Yanzu ka ɗauko wayarka ka tura masa kuɗin. Farashin farko, ba na yau ba."

"Auta..."

"Na san asara ce. Na ji duk bayaninka, kuma ban ce ƙarya kake ba. Wataƙila gobe gidan ya ƙara faɗuwa, wataƙila mu zauna mu kaɗai a layin. Na yarda. In ana rubuta asara, a rubuta ta da sunana. Rabin kuɗin nan tsayuwar dare ce na yi a kan marasa lafiya, kuma wanda ya koya min tsayuwar shi ne yake makancewa."

"Ki bari mu je gida tukuna."

"Ba inda za ni. Ɗauko wayar."

Wayar tana kan tebur a tsakaninsu. Bai taɓa ta ba. Ta lura gumi ya tsatso masa a goshi duk da fankar.

"Abban yara, mene ne?"

"Ba zan iya turawa ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Kuɗin ba sa nan."

Ta matso da kujerarta.

"Suna ina?"

Da ya yi magana, teburin yake kallo.

"Akwai wani gida bayan asibitinku. Mai shi zai bar gari, ya karyar da shi ƙasa warwas. Na duba na ga ba zai ƙara sauka ƙasa da haka ba. Unguwar da rai, ga makaranta, ke ma da ƙafa za ki riƙa zuwa aiki. Na ce wannan ne lokacin da muke jira."

"Ka saya."

"Makon jiya. So na yi a gama fenti in kai ki ki gani."

"Da duka kuɗin?"

Ya gyaɗa kai.

"Har da nawa?"

Ya sake gyaɗawa.

"Yaya fa? Me ka ce masa?"

"Na rasa yadda zan fara. Da ya kira ni yau da safe, sai na ji bakina ya ce... jibi zan zo mu ƙarasa."

Auta ta dube shi, mutumin da ta haifa wa 'ya'ya, ta rasa abin da za ta kira shi da shi.

Wayar ta hau ruri a kan tebur.

Su duka suka kai ido. Sunan da ke jiki ya fito ɓaro-ɓaro: YAYA.

"Ɗauka," ta ce.

Bai motsa ba.

"Ɗauka mana."

Ya girgiza kai, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Ta miƙa hannu ta danna, ta buɗe muryar yadda su biyun za su ji.

"Salamu alaikum, Akawu." Muryar Yaya ta cika ɗan ɗakin, da wani farin ciki da ta daɗe ba ta ji a cikinta ba. "Auta ta zo wurinka ko? Don Allah kar ka biye mata, ka san ta da zuciya tun tana ƙarama. Dama albishir na kira in yi maka. Fitarta ke da wuya likita ya kira ni, wai an samu gurbi, wani ya fasa. Ya ce in ban karɓa ba sai bayan watanni, idon kuma ba zai kai ba. Na ce masa ya rubuta sunana, ƙanena zai kawo kuɗin jibi."

Auta ta ɗago ta dubi Akawu.

"Akawu? Kana ji na kuwa?"